BABI NA UKU: YAWAN KATSEWAR SADARWAR WI-FI A KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA DA HANYOYIN GANO TUSHENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sassan kwamfutar tafi-da-gidanka da irin aikin da kowane sashe yake yi. A wannan babi kuwa, za a dubi wata matsala da ta addabi masu amfani da wannan kwamfuta, wato yawan katsewar sadarwar Wi-Fi. Abin nufi a nan shi ne, kwamfuta ta kama sadarwa, ta yi aiki na ɗan lokaci, sai ta saki, can kuma ta sake kamawa ba tare da an taɓa komai ba. Wannan matsala ta fi mutuwar sadarwa ɗungurungum wuyar sha'ani, domin abin da ya mutu ana ganinsa a mace, amma abin da yake zuwa yana tafiya yakan yi lafiya lau a gaban mai gyara, sai an koma gida ya sake tashi.

Illar matsalar ba ƙarama ba ce. Ɗalibi yana iya rasa rajistar kwasa-kwasansa ko jarrabawar da yake yi ta intanet, ɗan kasuwa kuma kuɗinsa su maƙale a tsakiyar turawa. Bayan wannan akwai asarar kuɗin da ake kashewa wajen canza sassan da lafiyarsu ƙalau, da asarar bayanai idan aka goge kwamfuta baki ɗaya da sunan gyara. Manufar wannan babi ita ce a nuna cewa katsewar ba ta da tushe guda ɗaya, don haka wajibi ne a fara gano gaɓar da matsalar take kafin a sa hannu a gyara.

3.1 Ma'anar Wi-Fi da Taƙaitaccen Tarihinta

Wi-Fi hanya ce ta haɗa na'urori da juna ta amfani da igiyar rediyo a maimakon waya. An gina ta ne a kan wata ƙa'ida mai lamba 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE da ke Amurka ta fitar a shekarar 1997. A wancan lokaci saurinta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A shekarar 1999 aka fitar da 802.11b mai saurin megabit 11, kuma a wannan shekara ce sunan Wi-Fi ya bayyana. Daga nan sai 802.11g ta biyo baya a 2003 da megabit 54, sai 802.11n a 2009, sai kuma 802.11ac a 2013.

Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne zangon da sadarwar take bi. Kamar yadda gidajen rediyo suke da gajeren zango da matsakaicin zango, haka ita ma Wi-Fi take da manyan zanguna biyu da aka fi amfani da su: zangon gigahaz 2.4 da zangon gigahaz 5. Na farko ya fi cin dogon zango da iya ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Na biyu ya fi sauri da ƙarancin cunkoso, sai dai bango yakan raunana shi da wuri. Sababbin na'urori sun ƙara da zango na uku na gigahaz 6, amma tsofaffin kwamfutoci ba sa kama shi.

3.2 Yadda Kwamfuta Take Ƙulla Sadarwa

Ba za a fahimci dalilin katsewa ba sai an san yadda ake ƙullawa. A kowace sadarwar Wi-Fi akwai na'urar da take rarraba sadarwa, wadda ake kira rawuta. Tana iya zama babba ta ofis, ko ƙarama ta aljihu mai ɗaukar layin waya, ko ma wayar salula da aka kunna wa rabon data. Rawuta tana shelar sunanta a iska kimanin sau goma a kowace daƙiƙa. A cikin kwamfuta kuma akwai wani ɗan ƙaramin kati, wato katin Wi-Fi, wanda yake sauraron wannan shela ta hanyar eriya. Idan ya ji, sai matakai uku su biyo baya:

(i) Katin ya nemi izinin shiga, rawuta ta amince ta sa shi cikin jerin na'urorinta.

(ii) Su yi musayar makullan sirri waɗanda aka samo daga kalmar sirrin da mai kwamfuta ya rubuta.

(iii) Rawuta ta ba kwamfuta aron adireshi, wanda ake kira adireshin IP, na wani ƙayyadajjen lokaci. A rawutocin gida wa'adin yakan kama daga awa biyu zuwa awa 24, kuma idan rabin wa'adin ya cika kwamfuta takan nemi a sabunta mata.

Bayan wannan ne rawuta take miƙa saƙonnin kwamfuta ga kamfanin sadarwa, shi kuma ya miƙa ga intanet. Ke nan, tsakanin mai kwamfuta da shafin da yake nema akwai gaɓoɓi huɗu: kwamfutar kanta, sararin da ke tsakaninta da rawuta, rawutar, sai kuma layin da ya tashi daga rawuta zuwa waje. Duk gaɓar da ta tsinke, abin da mai kwamfuta zai gani kusan iri ɗaya ne: aiki ya tsaya. Wannan kamanci shi ne yake rikita mutane.

3.3 Dalilan Katsewar Sadarwa

Za a kawo dalilan ne bisa tsarin gaɓoɓi huɗun da aka ambata a sama.

3.3.1 Dalilan da Suka Shafi Kwamfuta

Babban dalili a wannan gaɓa shi ne tsarin tattalin batir. Da yake an ƙera wannan kwamfuta ne don a riƙa yawo da ita, manhajar da take tafiyar da ita tana da ikon rage wa katin Wi-Fi wuta, ko ta sa shi barci, idan ta ga kamar ba a aiki da shi. A wasu kwamfutoci katin ba ya farkawa daidai, sai sadarwa ta tsinke. Alamar wannan ita ce, matsalar tana faruwa idan an cire caja, ko bayan an buɗe murfin kwamfuta daga barci, amma ba ta cika faruwa ba idan kwamfuta tana jone da wuta.

Dalili na biyu shi ne manhajar direba, wato ƙaramar manhajar da take tafinta tsakanin katin da babbar manhajar kwamfuta, kamar Windows. Idan ta tsufa, ko kuma sabuwar da ta sauka tana da tangarɗa, katin yakan riƙa ɓacewa yana dawowa. Alamarta ita ce matsalar ta fara ne bayan kwamfuta ta sabunta kanta, alhali a da lafiya take.

Dalili na uku shi ne eriya. A mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka eriyar tana cikin murfi ne, a gefen allon kallo, kuma wasu siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, su ne suke haɗa ta da katin. Waɗannan wayoyi suna bi ne ta mahaɗar murfi da gangar jiki, inda yawan buɗewa da rufewa yake iya cinye su. Haka kuma mai gyaran da ya buɗe kwamfuta don wani aiki na daban yana iya mantawa bai mayar da su daidai ba. Wannan ya fi yawa a kwamfutocin gwanjo da suka sha hannu. Alamarsa ita ce ƙarfin sadarwa yana canzawa idan aka motsa murfi, ko kuma kwamfuta ba ta kamawa sai an matso dab da rawuta, alhali wayar salula tana kamawa daga nesa.

Har ila yau akwai rikicewar zaɓi. Idan wuri yana da rawutoci da yawa masu suna ɗaya, kamar a ɗakin karatu na jami'a, ko kuma rawuta ɗaya ta ba zangunanta biyu suna ɗaya, katin yakan riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan yana neman wanda ya fi ƙarfi. Kowane tsalle kuwa yana iya jawo katsewa ta 'yan daƙiƙoƙi.

3.3.2 Dalilan da Suka Shafi Sarari

A nan abubuwa biyu ne: raunin sigina da kutse.

Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma lambar takan zo da alamar ragi. Sigina mai -50 tana da ƙarfi sosai, mai -67 ita ce iyakar da injiniyoyi suka saba ɗauka don kiran murya da bidiyo, mai -80 kuwa ba abin dogaro ba ce. Abin lura shi ne, ragin 3 kacal a wannan ma'auni yana nufin ƙarfi ya ragu da rabi, ragin 10 kuma yana nufin saura kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka bango ɗaya na bulon siminti yana iya yin ɓarnar da tazarar mita da yawa ba ta yi ba. Ƙarfe ya fi komai tare sigina, kamar ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji da kabad ɗin ƙarfe. Ruwa ma yana shanye ta, don haka tankin ruwa, ko ɗakin da ya cika da jama'a, yana rage mata ƙarfi. Kwamfutar da take bakin iyakar sigina ita ce ta fi yawan katsewa, domin ko rufe ƙofa aka yi sai ta saki.

Game da kutse kuwa, an raba zangon gigahaz 2.4 zuwa tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce, alhali kowace tasha tana cin faɗin kimanin megahaz 20. Wannan ya sa suke hawa kan juna, ta yadda tashoshi uku ne kawai, wato 1 da 6 da 11, aka saba ɗauka a matsayin waɗanda ba sa taɓa juna. A ɗakunan kwanan ɗalibai ko rukunin shaguna, inda kowa yake kunna tasa na'urar, sai a samu gomman na'urori suna rububin waɗannan tashoshi uku. Alamar wannan ita ce matsalar tana da lokaci: lafiya lau da asuba, amma da yamma, in kowa ya dawo, sai ta tsananta.

Bugu da ƙari, ba Wi-Fi kaɗai take amfani da wannan zango ba. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a gigahaz 2.45. Sadarwar Bluetooth ma a nan take, kuma a kwamfutoci da yawa kati ɗaya da eriya ɗaya take rabawa da Wi-Fi. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da wani rahoto da ya nuna cewa na'urorin USB 3.0 da wayoyinsu suna fitar da hayaniyar da take shiga zangon gigahaz 2.4. Ma'ana, ma'ajiyar bayanai ta waje da aka jona kusa da eriya tana iya zama sanadin katsewa ba tare da kowa ya zarge ta ba.

3.3.3 Dalilan da Suka Shafi Rawuta

A arewacin Nijeriya da maƙwabtanta, abin da ya kamata a fara tuhuma a wannan gaɓa shi ne wutar lantarki. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batir, don haka ko an ɗauke wuta na daƙiƙa biyu ba ta mutuwa, mai ita ma ba lallai ya lura ba, musamman da rana. Rawutar da take jone da bango kuwa mutuwa take yi nan take, kuma takan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ta gama tashi. Haka abin yake a lokacin sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta, ko idan wuta ta yi rauni. A irin wannan hali sai a bar jaki ana dukan taiki: a yi ta zargin kwamfuta alhali laifin na wuta ne.

Na biyu shi ne zafi. Rawutocin gida da yawa an ƙera su ne don su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura haka a watannin Maris da Afrilu. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu da ta toshe kafofin shan iska, ko aka ajiye na'urar a bakin taga inda rana take dukanta, sai ta riƙa daskarewa ko sake kunna kanta da tsakar rana.

Na uku shi ne rabon adireshi. Idan na'urori biyu suka sami adireshi ɗaya, ko adiresoshin da rawuta take rabawa suka ƙare saboda yawan jama'a, ko sabunta aron ya gaza, kwamfuta za ta nuna tana jone amma babu abin da yake tafiya. Alama mafi bayyana ita ce adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, domin wannan adireshi ne da kwamfuta take ba kanta idan ba ta sami wanda zai ba ta ba. Haka nan idan katsewar tana zuwa a kan wani tsayayyen lokaci, misali duk bayan awa ɗaya cif, to a tuhumi wa'adin aro.

Na huɗu shi ne rashin jituwa a tsarin tsaro. Tsarin WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Wasu tsofaffin katuna sukan rikice idan aka saita rawuta ta gauraya tsarin biyu.

Idan kuwa wayar salula ce take rarraba sadarwar, tana da nata matsalolin. Wayoyi da yawa sukan kashe rabon data da kansu idan suka ga babu na'urar da take amfani da shi, don tattalin batir. Haka kuma idan kira ya shigo, wayar ta sauka zuwa tsohon layin 2G don amsa shi, data takan tsaya har sai an gama magana.

3.3.4 Dalilan da Suka Shafi Layin Waje

Wani lokaci gaɓoɓi ukun farko duk lafiyarsu ƙalau, matsalar tana can gaba. Data tana iya ƙarewa, ko turken sadarwar unguwa ya cika da jama'a, ko a tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa a wurin aikin hanya. Babban misali shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Sadarwa ta tabarbare a Nijeriya da Gana da Kwaddebuwa da wasu ƙasashe, har ayyukan bankuna suka sami cikas. A wannan rana alamar Wi-Fi a cike take a fuskar kwamfutoci, amma shafuka ba sa buɗewa. Wannan ya tabbatar da cewa alamar tana nuna ƙarfin haɗuwa da rawuta ne kawai, ba ta cewa komai game da intanet.

3.4 Matakan Gano Tushen Matsala

Ƙa'idoji biyu ne suke jagorantar bincike. Ta farko, a fara da gwajin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya ɓata komai. Ta biyu, a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a jira a ga sakamako. Wanda ya canza abubuwa biyar a tare, ko da matsalar ta tafi, bai san wanne ne maganin ba, kuma in ta dawo sai ya koma farko.

Mataki na farko: rubuta tarihin matsala. A sami takarda a riƙa rubuta lokacin da sadarwa ta katse, da wurin da ake zaune, da ko akwai caja a jiki, da ko an ɗauke wuta, da abin da aka jona wa kwamfuta. Kwana biyu ko uku sun isa su fito da wani tsari. Windows 10 da 11 suna taimakawa a nan: idan aka buɗe tagar rubuta umarni da ikon mai kula da kwamfuta, aka rubuta netsh wlan show wlanreport, kwamfuta za ta haɗa rahoton kwana uku da suka wuce, mai nuna lokacin kowace haɗuwa da kowace katsewa da dalilin da ta rubuta.

Mataki na biyu: gwajin musanya. Wannan shi ne mafi muhimmanci. A ajiye wata na'ura, kamar wayar salula, kusa da kwamfuta a kan rawuta ɗaya. Idan duka biyun suna katsewa a tare, an wanke kwamfuta, sai a koma ga rawuta ko layin waje. Idan kwamfuta ce kaɗai take saki, sai a kai ta wani wuri a jona ta da wata sadarwar. In ta ci gaba da saki a can ma, laifin nata ne. In kuwa ta zauna daram, to rashin jituwa ne tsakaninta da rawutar farko, ko kuma matsalar sarari.

Mataki na uku: gwajin ping. Wannan umarni ne da yake aika ɗan saƙo ga wata na'ura ya jira amsa. Da farko a rubuta ipconfig don a ga adireshin kwamfuta da na rawuta, wanda galibi yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sannan a buɗe tagogi biyu. A ta farko a rubuta ping -t tare da adireshin rawuta, a ta biyu kuma ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na kamfanin Google da ke can cikin intanet. A bar su suna tafiya har matsalar ta auku. Sakamakon ba ya wuce ɗayan uku:

(a) Tagogi biyun sun daina samun amsa a tare: matsalar tana tsakanin kwamfuta da rawuta.

(b) Ta farko tana samun amsa, ta biyu ta tsaya: Wi-Fi lafiyarta ƙalau, matsalar ta layin waje ce.

(c) Duka biyun suna samun amsa amma shafuka ba sa buɗewa: matsalar ta tsarin DNS ce, wato tsarin da yake juya sunan shafi zuwa adireshi, ko kuma ta manhajar buɗe shafuka.

Mataki na huɗu: gwajin wuri. A matso da kwamfuta zuwa mita biyu daga rawuta, a cire duk abin da aka jona ta kafar USB, a kashe Bluetooth. Idan matsalar ta kau, an tabbatar ta sarari ce. Maganinta shi ne a ɗaga rawuta sama, a sa ta a tsakiyar gida nesa da ƙarfe, a mayar da ita tasha 1 ko 6 ko 11, duk wadda ta fi ƙarancin cunkoso, ko a koma zangon gigahaz 5 idan tazara ba ta da yawa.

Mataki na biyar: gyaran saitin kwamfuta. A shiga sashen kula da na'urori na Windows, a nemo katin Wi-Fi, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi don tattalin wuta. A saitin batir ma a ba katin cikakken ƙarfi. Bayan an gwada wannan, sai a juya ga direba: in matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, a koma tsohuwar; in kuwa direbar ta tsufa, a sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ana kuma iya sa kwamfuta ta manta da sadarwar, a sake rubuta kalmar sirri.

Mataki na shida: gwajin sassa. Kafin a kwance kwamfuta, a jona ɗan ƙaramin katin Wi-Fi na waje mai shiga kafar USB, a kashe na ciki. Idan sadarwa ta zauna, zargi ya koma kan katin ciki ko eriyarsa ko direbarsa. Don a bambance, ana iya tayar da kwamfuta da wata manhaja, kamar Ubuntu, daga kan filashi ba tare da an girka ta ba. In katsewa ta ci gaba a sabuwar manhajar, to ƙarfen ne ya lalace. A nan ne kawai ya dace a buɗe kwamfuta a duba wayoyin eriya ko a canza kati.

3.5 Misalin Aiki da Matakan

Don a ga yadda matakan suke aiki, a ƙaddara akwai wani ofis da kwamfuta ɗaya take yawan saki. An rubuta tarihi na kwana uku, sai aka ga tana katsewa a kowane lokaci na yini, kuma ba ta da alaƙa da ɗauke wuta. Wannan ya rage zargin cunkoso da na lantarki. An yi gwajin musanya, wayar salula ta zauna daram, kwamfuta ta saki; ke nan an wanke rawuta da layin waje. An matso kusa da rawuta, matsalar ba ta canza ba. An wanke sarari. Da aka koma ga takardar tarihi, sai aka lura duk katsewar ta faru ne a lokacin da babu caja a jiki. Aka cire izinin tattalin wuta, matsalar ta kau. A wannan misali ba a kashe ko kwabo ba, alhali da an bi zato, da tuni an sayi sabon kati ko sabuwar rawuta, matsalar kuma tana nan.

3.6 Kurakuran da Aka Saba Yi

Kuskure na farko shi ne gaggawar goge kwamfuta a sake girka manhaja. Wannan ba ya maganin bango, ko zafi, ko ɗauke wuta, ga shi yana iya jawo asarar bayanai. Na biyu shi ne dogaro da sandunan alamar Wi-Fi, domin sigina tana iya zama da ƙarfi amma kutse ya hana saƙo wucewa. Na uku shi ne cire kalmar sirri ko komawa tsohon tsarin WEP don a sami sauƙin haɗuwa, alhali tun shekarar 2001 masu bincike suka nuna cewa ana iya fasa shi. Na huɗu shi ne yanke hukunci da wuri. Matsalar da take zuwa sau biyu a yini ba a cewa ta warke don an yi minti goma ba a gan ta ba. Sai an jira aƙalla tsawon lokacin da ta saba ɗauka kafin ta dawo.

Ta fuskar rigakafi kuwa, yana da kyau a haɗa rawuta da ƙaramar na'urar ajiyar wuta, a ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, a riƙa kakkaɓe mata ƙura, a kuma riƙa sabunta manhajarta.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar Wi-Fi da yadda kwamfutar tafi-da-gidanka take ƙulla sadarwa da rawuta. An nuna cewa akwai gaɓoɓi huɗu da sadarwa take bi, kuma kowace gaɓa tana da dalilanta na katsewa da alamomin da ake gane ta da su. An kuma jero matakai shida na bincike, tun daga rubuta tarihin matsala har zuwa gwajin sassa. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan aikin yana wajen ganowa ne, kuma gwaje-gwajen da suke raba gaɓa da gaɓa ba sa bukatar kuɗi ko kwance kwamfuta. A babi na gaba za a dubi matsalolin batir da caja, waɗanda, kamar yadda aka gani a nan, suna da alaƙa ta kusa da zaman lafiyar sadarwa.